Turanci ta Bayan Zana

Baban maigidana ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar damina, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Ni ina cikin gida, labarin waje maigidana ne ya ba ni daga baya. Ya ce layinmu na Fagge ya cika tun daga bakin masallaci har wajen masu gyaran keke. Leburorin tashar jirgin ƙasa sun zo da kayan aiki a jikinsu. Wani tsohon direban jirgi, wanda ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba, ya tsaya a ƙofar zaure rungume da hularsa, ya kasa shiga, ya kasa tafiya, sai da aka kama hannunsa aka zaunar da shi. Aminin Baba kuwa, Bayaraben nan mai sayar da kwanuka da tasoshi, wanda duk gidanmu ke kira Baban Sabon Gari, ya nemi gefen tabarmar da ya saba zama ya zauna. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce shi yanzu ba shi da abokin musu a duniya.

A cikin gida an yi kuka ranar farko. Kafin sadakar uku kukan ya fara gauraya da dariya, don kowace mace da labarin da ta shigo da shi. Tsohuwa mai ƙosai ta bakin titi ta ce tun tana da ƙarfinta yake sayen ƙosanta, kullum sai ya ce barkono ya yi yawa, kullum kuma sai ya dawo. Wata maƙwabciya ta ce ranar da akuyarta ta cinye masa dashen darbejiya, shi da kansa ya jawo akuyar har ƙofar gidanta, ya ce a ba ta ruwa da dusa, don baiwar Allah ta ci abu mai ɗaci.

Ni ce dai na kasa dainawa. Har wata goggon maigidana ta dube ni ta ce matar ɗa ba ta yin irin wannan kuka, ina kunya, ina kara? Inna, uwar maigidana, tana zaune a tabarmar takaba, ta ɗago kai ta ce, "Ku ƙyale ta. Ku suruki kuka sani, ita malaminta aka binne."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Yaran gidan nan za su tashi su ji cewa kakansu ya yi aikin reluwe, daga nan magana ta ƙare. Ina so su san sauran.

Asalinsu Barebari ne. Kakansa ne ya zo Kano da fataucin kanwa, ya ga Fagge ta yi masa, ya zauna. Shi Baba bai riƙe komai na Barbarci ba sai gaisuwa da zagi, kuma gaisuwar ya fi amfani da ita. Dogo ne, siriri, mai agogon aljihu. Ko bayan da ya yi ritaya, in ya ji kukan jirgi daga zaure sai ya zaro agogon ya duba, ya girgiza kai, ko ya ce madalla. Ba a ce masa "sai an jima", zai tambaye ka ƙarfe nawa ke nan.

Bai taɓa zama a ajin boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, ya shiga tasha yana saurayi yana dakon kaya, aka ba shi ƙararrawa, daga baya aka ba shi allo da alli. In waya ta zo daga tashoshin hanya, shi ke rubuta wa fasinjoji halin da ake ciki, Turanci a sama, ajami a ƙasa: jirgin Ikko ya baro Zariya, jirgin Nguru bai iso ba tukuna. A nan ya tsinci Turancinsa, a bakin shugaban tasha da masu buga waya da fasinjojin da suka fusata. Yakan ce Turancinsa tsintuwa ne, amma sai da ya wanke shi tas kafin ya sa a baki.

Ni an kawo ni gidan da 'yar bokona ta aji huɗu. Ina karatu da rubutu da Hausa, Turanci kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tsakanina da Baba akwai kunyar da kowa ya sani. Ban taɓa kama sunansa ba, ko ɗan maƙwabta mai irin sunan sai dai in ce mai sunan Baba. In na ji gyaran muryarsa a zaure sai in shige ɗaki. Tsakanin sashenmu da nasu akwai doguwar zana da aka kafa tun kafin zuwana. Shekara uku muna gida ɗaya, abin da ya haɗa mu bai wuce gaisuwar safe ba, ni a durƙushe daga nesa, shi yana amsawa yana kallon ƙasa.

Abin ya soma ne ranar da ƙanwar maigidana ta tashi haihuwa. Naƙuda ta yi tsawo, ungozomar unguwa ta ce abin ya fi ƙarfinta, ni da Inna muka kai ta asibitin haihuwa na wajen Sabon Gari. Sistar da muka tarar Baturiya ce, mai yi mata tafinta kuwa an aike ta. Tana ta jero tambaya, ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya. So take ta san ko faya ta fashe, ko an ba ta wani jiƙo ta sha, ko ta taɓa haihuwa. Duk na san amsa, baki ne ya ƙi. Allah ya sa aka sauka lafiya, amma na dawo gida abin yana damuna. Bayan suna sai ga saƙo, wai asibitin na neman matan aure 'yan gari masu ɗan karatu, a koya musu karɓar haihuwa, ko matan Fagge sa daina gudun wurin. Sista ta ce ta lura da ni. Sharaɗi ɗaya ne, jarrabawar Turanci ta baki da baki.

Maigidana tela ne, mai sauƙin kai, nan take ya yarda. Dangi ne suka yi ca. Lokacin 'yan siyasa sun fara yawo da lasifika ana ta maganar mulkin kai, amma mace ta fita aiki kullum, wannan ba a kai can ba. Baffansa ya zo har gida ya ce matar aure a Sabon Gari safe da yamma, wannan zubar da mutuncin gida ne. Aka kai magana gaban Baba. Ya saurari ƙanen nasa har ya kai aya, sannan ya ce, "In 'yata za ta iya shiga asibitin nan a kwance, matar ɗana za ta iya shigarsa a tsaye." Maganar ba ta ƙara tashi ba.

Na tafi jarrabawa da rawar jiki, na faɗi warwas. Sista ta ce, "Have you ever been to a hospital?" Na ce mata, "Yes, I have went last month." Ta sake wata tambayar, na sake kwafsawa. Ta ce kaina na ja, amma a ɗakin haihuwa dole a san abin da ya riga ya faru da abin da bai faru ba tukuna, in dawo bayan wata uku. Na dawo na zauna a gindin murhu ina tuƙin tuwo, hawaye na zuba, ina maimaita amsata a fili ina neman inda ta karkace. Ban san Baba yana alwala a bayan zana ba.

Sai na ji ya yi gyaran murya ya kira Inna. Da muryar da ta fi ƙarfin tazarar da ke tsakaninsu, ya ce ta gaya wa mutanen wancan sashe ba a cewa "have went", "have gone" ake cewa. Kuma tunda an ambaci watan jiya, "have" ɗin ma ba shi da wurin zama. Amsar da ake nema ita ce, "Yes, I have. I went last month."

Inna ta leƙo ta ce, "Kin dai ji. Wai ba wanti ba ne, gwan ne. Ko mene ne gwan, oho."

Daga ranar makaranta ta buɗe. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin zana ta sashensu, ni ina namu sashen da littafi a cinya da faifan tsinta a gefe, Inna a kujerar tsuguno a bakin ƙofa tana gyaran zogale. Shi da ita yake magana, ni ma da ita nake magana, alhali kowa na jin numfashin kowa.

Ya fara da abin da ya fi sani. Ya ce abu uku fasinja ke nema a allo. "The train has arrived", jirgi ya iso, ga shi nan tsaye yana huci. "The train has not arrived yet", bai iso ba tukuna, a gyara zama. "The train has left", ya tashi, wanda ya makara ya koma gida. Ya ce fasinja ba ruwansa da ƙarfe nawa abin ya faru, halin da ake ciki yanzu shi ne damuwarsa. Mu da Hausa "ya iso" muke cewa, ko jiya ne ko yanzun nan, amma Bature ya raba musu ɗaki.

Da ya ga misalin jirgi bai shige ni ba, don ko sau ɗaya ban taɓa hawa ba, sai ya dawo madafi. Ya ce Inna ta tambaye ni, tukunyar da aka sauke yanzu da wadda aka sauke jiya, duk saukakku ne, ina bambancinsu? Na ce ta gaya masa ɗaya da zafinta. Ya ce to karatu ya ƙare. In aiki ya gama amma zafinsa na taɓa ka har yanzu, sai "have" ko "has". In ya huce har ana faɗin ranar da aka yi shi, a bar su su huta. Ni da kai da mu da ku da su, "have". Shi da ita, "has". In tambaya ce su suke shiga gaba, in musantawa ce a jingina musu "not". Bayansu kuma a kawo kalmar aiki sanye da rigarta ta uku. Ya ce kowace kalmar aiki ta Turanci riga uku gare ta. Masu ladabi suna maimaita ta biyu, "cook, cooked, cooked". Masu taurin kai sai an ɗinka musu sabuwa, "eat, ate, eaten", "see, saw, seen", "break, broke, broken". Waɗannan ba su da dabara, hadda ce irin ta allo. Na riƙa jera su ina daka, kowace taɓarya da kalmarta, har maƙwabta suka ɗauka wata sabuwar waƙar daka ce ta fito.

Kuskuren da na fi komawa shi ne haɗa "have" da ranar da aka ambata. Rannan da na sake yi, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce Inna ta gaya mini "have" da "yesterday" surukai ne, ba sa zama tabarma ɗaya. Inna ta tuntsire da dariya har faifanta ya kife. Ni kuwa na toshe baki da gefen zane. Ban ƙara yin wannan kuskuren ba.

Ba a yi sati uku ba Inna ta gaji. Ta ce ita ba wayar tangaraho ba ce, harshenta ya yi kanta, jiya ta je barka saura kaɗan ta ce wa matar liman "haba yu itin". Ta kwashe zogalenta ta shige ɗaki. Muka rage ni nan shi can, kaza na ratsawa ta ƙarƙashin zana. Na ɗauka makaranta ta tashi ke nan. Can sai na ji ya ce, kamar mai magana da kansa, ai kunya da Hausa aka san ta, shi bai taɓa jin malamin da ya hana suruki Turanci ba. Sannan ya yi mini magana kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba.

"My daughter, have you finished your work?"

Na gyara littafin a cinyata. Na ce, "No, Baba, I have not finished yet."

Ya ce, "Good." Na ji ƙarar ɓara goro.

Haka muka koma. Da Hausa ina nan yadda nake, gaisuwa daga nesa, kai a sunkuye. Da Turanci kuwa hira muke yi har a kira magariba. A nan na san abubuwan da ko 'ya'yansa ba su sani ba. Wata rana yana koya mini bambancin "has gone" da "has been". Ya ce na farko ya tafi bai dawo ba, kada a ajiye masa tuwo, na biyu ya je ya dawo, yana nan yana cika mutane da labari. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin teku, na ce, "I have never seen it." Ya yi 'yar dariya ya ce, "I have sent many people to Lagos, but I have never been there." Duk tsawon aikinsa yana kaɗa wa jirgin Ikko ƙararrawa, bai taɓa wuce Zariya ba. Na tambaye shi dalili da guntun Turancina. Ya ce mahaifiyarsa ta daɗe tana jinya, ba ya son ya kwana nesa da ita, da ta rasu kuma sha'awar ta riga ta tafi.

Sai rigimarsa da Baban Sabon Gari. Shi wannan amini nasa duk Juma'a bayan masallaci yake zuwa a kan kekensa, su ci dambu, su yi musu kan komai, daga ganin wata har ƙasar da ta fi kyan goro. Yana yaro ya ɗan taɓa makaranta a garinsu can kudu. Wata Juma'a yana zaure ya jiyo ina maimaita abin da Baba ya koya mini, "I have lived in Fagge since three years." Sai ya ɗaga murya ya ce wannan ba daidai ba ne, "for" ake cewa. Baba ya fita ya same shi. Ya ce shi da kunnensa ya ji wani farar fata ya faɗi haka a tasha. Aminin ya ce ba duk farar fata ne Bature ba, ƙila ɗan Kwara ne, irin Larabawan nan masu kantin yadi. Magana ta yi zafi. Baba ya ce yaushe mai sayar da kwano ya fara gyara wa ma'aikacin reluwe harshe. Shi kuma ya ce Turancin dandamalin tasha a dandamali ya kamata a bar shi. Ya hau kekensa ya tafi, dambu na zaune ba wanda ya taɓa.

Juma'a uku bai zo ba. Baba ya ce in ci gaba da "since", na ci gaba, amma duk gidan ya san ba shi da sukuni. Abinci sai ya tsakura ya ture. In ya ji ƙararrawar keke a layi sai ya miƙa wuya. Washegarin Juma'a ta ukun Inna ta ce masa ita dai ba ta san ko wane ne mai gaskiya ba, amma ta san wanda ke ramewa. Da hantsi ya sa babbar riga ya taka har Sabon Gari, wurin wani tsohon hedimasta mutumin Saliyo, ya shimfiɗa masa maganar ba tare da ya faɗi wanda ya ce me ba. Hedimasta ya ce mai "for" ne da gaskiya.

Daga nan bai dawo gida ba. Ya zarce rumfar amininsa, kasuwa na ci, ya tsaya a gaban tasoshi ya ce, "Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure." Aminin ya sa hannu a bayan kunne ya ce kasuwa ta cika hayaniya, bai ji ba. Baba ya maimaita. Ya ce har yanzu bai ji sosai ba, ko za a faɗa da harshen da aka yi laifin? Baba ya ce, "I have made a mistake." Masu rumfunan gefe suka fashe da dariya, shi kuwa aminin ya tashi ya rungume shi yana share ido da hannun riga. Tare suka dawo Fagge a ƙasa, suna tura keken, suna musu kan wanda ya fara zagin wani.

Da la'asar ya zauna a gindin zana, ya kira Inna ta fito, don wannan maganar da Hausa yake son yin ta. Ya ce ta gaya mini malamina ya koya mini kuskure har sati uku, in yafe masa. Ni da ko sunansa ba na iya faɗa, yau shi ke neman gafarata a gaban matarsa. Na rasa inda zan sa kaina. Sannan ya warware mini: "for" tsawon igiya ne, "for three years", "for two days". "Since" kuwa turken da aka ɗaure igiyar ne, "since Friday", "since morning".

Daga nan malamaina suka zama biyu. Duk Juma'a Baban Sabon Gari ya zauna a zaure ya siranta murya wai shi ne Sista, ya riƙa jefo mini tambaya ta tsallaken katanga, Baba na gyara masa lafazi, shi yana cewa a bar shi ya yi aikinsa. Mutumin da gemunsa ya yi fari fat yana tambaya da muryar mata ko mai naƙuda ta sha magani, ko liman da ya zo wucewa sai da ya tsaya ya saurara.

Da wata uku suka cika na koma. Sista ta ce in ɗauka an kawo mace mai naƙuda, in ba ta rahoto. Na ce, "She has had two children. The water has broken. She has not taken any medicine." Ba ta tambaye ni komai kan abin da tsofaffin suka yi faɗa a kansa ba. Na ga asara ce a yi fushin Juma'a uku a banza, sai na ƙara da kaina, "She has been in pain for two days, and she has not eaten since morning." Ta ajiye alƙalami ta tambaye ni wace makaranta na shiga a wata ukun nan. Na ce a tsakar gidanmu take.

Ranar da zan fara aiki maigidana ya shirya zai raka ni, Baba ya ce ya koma kan kekensa na ɗinki, shi zai kai ni. Ya sa rigar da yake zuwa Idi da ita, ya shiga gaba da kamar taku goma, ni ina biye a lulluɓe. Akwai gajeriyar hanya, bai bi ta ba. Ta ƙofar gidan baffa ya bi, ya tsaya suka gaisa a tsanake. Duk wanda ya tambaye shi ina zuwa da sassafe haka, sai ya ce ma'aikaciya zai raka. A ƙofar asibiti ya tsaya har na shige, sannan ya juya gida. Mai gadi ne ya gaya mini daga baya cewa ya ba shi goro biyu, ya ce masa wadda ta shiga yanzu 'yarsa ce.

Shekara biyar ke nan ina aikin. Matan Fagge da na Rijiyar Lemo da a da sai abu ya ɓaci ake kawo su, yanzu da ƙafarsu suke zuwa awo. Ba ni kaɗai na yi wannan ba, mu huɗu ne yanzu. Amma na san wanda ya buɗe mini ƙofa.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba, ciwon ƙirji ne na kwana tara. Ana gobe zai cika ya kira maigidana da Inna ya yi musu wasiyya. Ban ji abin da ya ce ba, kuma ban tambaya ba.

Washegarin sadakar uku ban da niyyar zuwa ko'ina. Ina zaune cikin mata, ido a kumbure, sai Inna ta tashi ta shiga ɗakina, abin da ba ta saba yi ba. Ta fito da fararen kayan aikina a ninke ta ɗora mini a cinya. Goggo ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta riga ta. Ta ce wannan yana cikin wasiyya. Ya ce kada a zaunar da ni fiye da kwana uku, don masu ciki ba su san an yi rasuwa ba.

Na wanke fuska na tafi. Ina shiga aka kawo wata mata daga Kwaciri, cikinta na huɗu, ukun farko duk ba su zo da rai ba. Ba ta taɓa shiga asibiti ba. Da ta ji na yi mata sannu da Hausa sai ta damƙe hannuna, ba ta sake ni ba har aka gama. Kafin azahar ta haifi 'ya mace, ƙatuwa, mai kukan da ya cika ɗakin har baranda. Uwar ta riƙa taɓa ƙafafun jaririyar tana dubana, tana tambaya da gaske tata ce, da gaske rayayya ce. Mijin yana waje, da aka gaya masa sai ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, ya kasa tashi.

Na dawo gida da la'asar. Inna tun ranar Laraba ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwa, an yi lallashin duniya ta ƙi. Ina shiga ta tambaye ni ko an samu. Na ce an samu. Ta ce mace ko namiji? Na ce mace, kuma da alama za ta yi baki, don tun daga ɗakin haihuwa ake jin ta a bakin titi. Na ba ta labarin mijin da ya kasa tashi. Ta yi murmushi, sannan ta ce a duba ko akwai sauran tuwo.

Aka kawo mata, ta cinye tas, ta wanke hannu. Sannan ta ɗaga hannayen sama, mu ma muka ɗaga. Ta ce, "Ya Allah, ga baƙo nan mun aiko maka. Ka yalwata masa masauki, ka sanyaya masa, ka yafe abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ita kuma wadda ta zo yau, ka raya wa uwarta ita."

Muka ce amin, muka shafa.